Ƙafar da Na Yanke

Ƙarfe biyu a Birni, rana ta zauna bisa duwatsu,
ko ƙadangare ya bar gyaɗa kai.
An ɗauke wuta tun hantsi.
Ƙanzo ta naɗe cikin ƙwaryar awon gero,
wutsiya bisa hanci,
ɗanta ya miƙe a gindin randa
inda sanyi ke tsatsowa daga yumɓu.

Na cire takalmi.
Mai son hoton barci sai ya ari tafiyar kyanwa.
Na durƙusa, waya a hannu, numfashi a riƙe,
kunnenta ya karkaɗa sau ɗaya,
tana korar ƙudan mafarki.
Na danna, na matsa, na sake dannawa,
har sau goma sha bakwai.

"Kai dai aiki ya yi maka kaɗan,"
in ji Gwaggo Cima, tana ɓarar gyaɗa a tabarma.
"Mussa ce fa, ba 'yar gwamna ba.
Ni da nake gidan nan tun ba a ja famfo ba,
ka taɓa cewa in gyara ɗankwali?"
Na haɗiye dariya don kada su farka.

Bayan isha wuta ta dawo, na zauna gyara.
Na ƙara haske inda inuwa ta yi yawa,
na zuba wa gashinta ruwan zuma.
Tsagar bango, wadda damina ta bar mana,
na shafe ta da ɗan yatsa, ba laka, ba magini.
Jarkoki shida masu jiran ruwa kwana tara,
na kore su ɗaya bayan ɗaya.
Tabon da muzurun gidan Kyari ya yi mata a kunne,
shi ma na ɗinke shi ba zare.
Sai ga wata ƙafa a kusurwar hagu,
diddige da kaushi, lalle ya koɗe.
Na ja layi, na yanke.

Hoto ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.
Mai wanke hotuna kusa da Kasuwar Dole
ya juya shi sama da ƙasa:
"Wannan a Damagaram aka ɗauke ta?"
Na biya shi har da na goro.

Gwaggo ba ta ga azumi ba.
Zazzaɓin kwana uku, ranar Laraba aka kai ta.
Da 'ya'yanta suka zo daga Tanut
suna neman hoton da za su riƙe,
muka zazzage akwati:
turare, carbi, takardar asibiti,
sai katin zaɓe, hatimi ya cinye rabin kumatu.

Daren nan na hau bincike a waya.
Sha shida na share tuntuni don wuri ya ƙare.
Saura ɗaya, mai ruwan zuma.
Can ƙasa, ƙaramin rubutu: mayar da na asali.

Jarkoki suka dawo layi da ƙishirwarsu,
bango ya sake tsagewa,
kunne ya yage.
Ƙafa ta shigo daga hagu.
Na buɗa hoton da yatsu biyu
har ya fara dusashewa,
sai na ga abin da ido bai gani ba ranar:
babban yatsanta na tokare da gindin ƙwarya.
Tana yi mani tsiya da baki,
tana riƙe wa Ƙanzo barci da ƙafa.

Shi na kai aka wanke, kwafi huɗu.
Mai shago ya ce, "Wannan bai kai na farko ba."
Na ce masa ya ƙara girman kusurwar hagu.

Yanzu in Ƙanzo ta shiga ƙwarya
sai ta yi tangal-tangal, ta fito,
ta shinshina tabarma, ta kwanta a ƙasa.
Jiya na miƙa tawa ƙafar.
Ta dube ni da ido ɗaya,
ta daɗe kafin ta rufe.